Katin Awonki Yana Iya Ceton Ran Wata Mace

Uwargida, duk lokacin da kika je awon ciki, ko a asibitin Dutsin-Ma ne, ko Kurfi, ko ƙaramin asibitin da ke kusa da ku a Karofi, za ki ga ma'aikaciya tana rubutu a katinki da kuma cikin wani babban littafi. Tana rubuta nauyinki, da awon jininki, da watannin cikinki, da yawan haihuwar da kika yi. Amfanin farko na wannan rubutu naki ne ke da abin da ke cikinki. Amma yana da amfani na biyu da mata da yawa ba su sani ba: da shi likitoci ke gano wace hanyar kulawa ce ta fi ceton rai.

Wane irin bincike ne wannan?

Wani binciken a keɓe ake yinsa, da mutane kaɗan da kayan aiki na musamman. Wani kuwa a cikin aikin yau da kullum ake yinsa, a ɗakin haihuwa irin wanda kika sani, da ungozomomin da kika saba gani. Ana raba asibitoci ko majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada son zuciya ya shiga. Kashi ɗaya ya ci gaba da yadda aka saba, ɗayan ya gwada sabuwar hanya. Daga baya sai a duba abin da aka rubuta a kwatanta. Abin da ya yi aiki a irin wannan yanayi, zai yi aiki a asibitin garinku.

Misalin zubar jini bayan haihuwa

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Idan jinin da ya zuba ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, to an shiga haɗari. Matsalar ita ce da ido ake ƙiyasta shi, ido kuwa yakan raina jini.

A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin na taruwa a ciki ana ganin yawansa. Da zarar ya kai ƙa'ida, sai a haɗa mata taimako gaba ɗaya ba tare da jira ba: a murza mara don mahaifa ta tsuke, a yi allurar tsuke mahaifa, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko an sami ƙari, a kira babban likita idan jinin bai tsaya ba.

A asibitocin da suka bi yadda aka saba, mata 43 cikin kowace 1,000 ne suka yi mummunar zubar jini, ko aka yi musu tiyata, ko suka rasu saboda jinin. A inda aka bi sabuwar hanya, 16 ne kacal. A ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bin wannan hanya.

Me ya sa ake horar da ma'aikata?

Rubutun da aka yi da kuskure, sakamakon ƙarya yake haifarwa. Shi ya sa ake koya wa likitoci, ungozomomi da masu ajiye bayanai yadda za su auna daidai, su rubuta a kan lokaci, su kuma tsare sirrin majinyaci. Cibiyar ACEPHAP da ke Jami'ar Bayero na daga cikin wuraren da ake ba da irin wannan horo a arewacin ƙasar nan.

Haƙƙinki

Ba a fara bincike sai kwamitin da ke kare haƙƙin majinyata ya amince. Ana cire sunanki kafin a yi lissafi da bayananki. Idan aka gayyace ki shiga wani bincike, ki nemi a yi miki bayani da Hausa, ki kuma yi shawara da maigida in kina so. Kina da ikon cewa a'a, kuma wannan ba zai rage kulawar da za a ba ki ba.

Naki aikin

Ki fara awo da wuri, ki riƙa zuwa da katinki kowane lokaci, har da ranar naƙuda. Ki faɗi gaskiyar yawan haihuwarki da ɓarin da kika taɓa yi, ko da al'ada ta sa kina jin nauyin ƙidaya 'ya'ya. Ki faɗi duk maganin gargajiya da kika sha. In kin taɓa zubar da jini ko jijjiga a haihuwar baya, kada ki ɓoye. Idan haihuwa ta zo miki a gida, ku je asibiti a duba ki a kuma rubuta. Maigida da uwar miji, ku taimaka da kuɗin mota da mai ba da jini tun kafin ranar ta zo.

Allah ya sauke ki lafiya, amin.