Kan Batir Ba Ya Son Guduma: Kimiyyar Cire Wayar Batir a Tsofaffin Motoci

A garin Ribah, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru a Jihar Kebbi, tsohuwar mota dukiya ce. Ita ke kwaso dawa da masara daga ƙauyuka zuwa kasuwa, ita kuma ke garzayawa da maras lafiya asibiti. Daga cikin motocin da suka yi wa karkarar Arewa irin wannan hidima akwai Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Sau da yawa abin da ke kwantar da irin wannan mota ba inji ba ne, ɗan ƙaramin kan batir ne da aka ɓata wajen cire waya.

Yadda Batir Yake

Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro batir mai dalma da asid a 1859. Batirin mota yana da ɗakuna 6, kowanne na ba da ƙarfin lantarki kimanin bolt 2, jimla bolt 12 ke nan. A samansa akwai kawuna biyu: mai alamar tarawa (+), wanda ya ɗan fi kauri, da mai alamar ɗebewa (-). Da dalma aka yi su, ita kuwa dalma ƙarfe ce mai taushi. Kowane kai yana haɗe da farantan da ke jiƙe cikin asid. Saboda haka duk wanda ya sa guduma ko ya ɓanɓara da sukudireba, yana iya karya wannan mahaɗi ko ya tsaga murfin, asid ya riƙa tsattsafowa.

Maƙalai Iri Biyu

Abin da ke riƙe waya a kan batir shi ne maƙali. Wanda aka fi sani shi ne mai noti, wanda ake sassautawa da sifana. Akwai kuma mai sifirin, wanda aka yi yayinsa a motocin Amurka na kamfanin General Motors a shekarun 1950 da 1960. Shi ba shi da noti; wani lanƙwasasshen ƙarfe ne a cikinsa ke matse kan batirin, yana da 'yan kunnuwa biyu a waje. Idan aka matse kunnuwan da filaya mai faɗin baki, sai zoben ya buɗe, a ɗaga shi sama. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta ja da ƙarfi har ya tumɓuke kan.

Wace Waya Ake Fara Cirewa?

A yawancin motoci, wayar ɗebewa tana haɗe da gangar jikin motar, wato duk ƙarfen motar ya zama hanyar da lantarki ke komawa batir. Idan aka fara da wayar tarawa, sifana ta taɓa jikin mota, to an yi wa lantarki gajeriyar hanya. Nan take wuta mai yawan gaske za ta bi ta sifanar, ta yi tartsatsi, ta ƙona hannu. Bugu da ƙari, batir yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin. Tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa batir, asid ya fantsama a ido.

Don haka ƙa'idar ita ce: wayar da ke haɗe da jikin mota ita ce farkon cirewa, ita ce kuma ƙarshen mayarwa. A lura, wasu tsofaffin motocin Ingila na shekarun 1950 wayar tarawa ce ke haɗe da jikinsu, saboda haka a duba kafin a taɓa.

Idan Maƙali Ya Ƙi Fita

Farin gari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kan batir gishiri ne da ke samuwa idan asid ya ci dalma da jan ƙarfe. Shi ke liƙe maƙali, ya kuma tare wa lantarki hanya. Maganinsa a kashe inji, a zare makulli, a cire zobe da agogon hannu, a kare ido. Sannan a jiƙa garin soda na yin burodi a ruwan ɗumi, a goga da tsohon burushi. Kumfar da za a gani alama ce ta sodar tana kashe kaifin asid, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. Bayan an sassauta noti ko an matse sifirin, sai a ɗan murɗa maƙalin a hankali, a ɗaga. In an mayar, a shafa giris kaɗan a kansa. Ɗabi'ar buga ƙusa tsakanin kai da maƙali don ya kama kuwa, cinye dalmar take yi. Gara a sake maƙalin.

Malamai na iya gwada wa ɗalibai wannan darasi a aji ba tare da hatsari ba: a zuba ruwan lemon tsami a kan garin soda ko jiƙaƙƙiyar kanwa, a ga yadda kumfa ke tashi. Ɗalibin da ya fahimci dalilin wannan kumfa ya riga ya kama hanyar zama ƙwararren bakanike. Hausawa dai sun ce, sannu ba ta hana zuwa.