WASAN AYARI NA INTANET DA LOKACIN DA YA KE CI WA SAMARINMU

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin dattawan zongo, a ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa, watau maganar wasan nan da samari su ke yi a kwamfuta da wayar hannu. Wannan ya ce ɗansa ba ya barci, wancan ya ce yaron shagonsa gyangyaɗi ya ke yi tun da hantsi, wani kuwa ya ce ya kira nasa salla ya amsa masa da "Baba, saura kaɗan," har aka sallame bai tashi ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu ko wane irin wasa ne wannan, da inda ya fito, da abin da ya sa ya ke cin lokaci haka, don kowane mai gida ya san abin da ya ke kokawa da shi.

Wasannin na'ura iri-iri ne. Akwai na ƙwallo, akwai na tseren mota, waɗanda a kan gama su cikin 'yan mintoci a ajiye. Wanda mu ke magana a kansa dabam ne. Shi wata ƙasa ce ta ƙage, mai birane da kasuwanni da dazuzzuka da dodanni, wadda dubban mutane daga ƙasashe dabam dabam su ke shiga gaba ɗaya ta hanyar intanet. Kowa zai zaɓi gwarzonsa, ya raɗa masa suna, ya ba shi sana'a, ko jarumi, ko maharbi, ko mai magani, ko maƙeri. Sa'an nan ya yi ta aiki da shi yana ƙara masa daraja mataki mataki. In ka kashe na'urarka ka kwanta, ƙasar ba ta kwanta ba, waɗansu suna can suna ciniki suna yaƙi, suna wuce ka.

Mun kira shi wasan ayari don dalili. Kakanninmu fatake da su ke ɗauko goro daga Salaga zuwa Kano ba su tafiya ɗai-ɗai, sai ayari ya haɗu, da madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki, kowa da aikinsa. To, haka wannan wasa ya ke. Manyan dodanni ba su kasuwa ga mutum guda, sai ƙungiya ta taru ta kai musu hari. Akwai mai garkuwa wanda zai tare dodo ya sha dūka, akwai masu magani da ke warkad da shi, saura kuwa su yi ta sara da harbi. Ƙungiyar tana da madugunta mai sa rana da raba ganima.

Asalin abin daga Ingila ne. Cikin 1978 waɗansu ɗalibai na Jami'ar Essex, Roy Trubshaw da Richard Bartle, suka fara gina wani wasa mai suna MUD, wanda ba hoto a cikinsa ko ɗaya, sai rubutu. Da intanet ta bazu sai masu hoto suka fito: Ultima Online cikin 1997, Lineage a Koriya ta Kudu cikin 1998, EverQuest cikin 1999, RuneScape cikin 2001. Amma wanda ya gagara shi ne World of Warcraft, na kamfanin Blizzard da ke Kalifoniya ta Amurka, wanda ya fito cikin Nuwamba 2004. Kuɗin zama cikinsa kimanin dala 15 ne a wata, duk da haka cikin 2010 masu biya suka kai miliyan 12. Ku 'yan kasuwa ku buga wannan lissafi da kanku. A da yawanci mai kwamfuta ne ke shiga irin waɗannan wasanni, amma cikin 2018 aka sako wani reshen RuneScape a wayar hannu, waɗansu kuma suka bi sahu. Abin da ke ɗaki a kan tebur ya komo aljihu ke nan.

To, mene ne daɗinsa? Ruwa ba ya tsami banza. Shi Bartle ɗin nan cikin 1996 ya kasa masu wasan kashi 4: masu son ci gaba da tara daraja, da masu son yawon buɗe ido su ga ƙarshen ƙasar, da masu son hira da abota, da masu son su ka da ɗan'uwansu su nuna sun fi shi. Duk wanda ya san samari ya san waɗannan halaye, gama su ne a dandali, su ne a filin ƙwallo.

Akwai kuma abin da ya kamata mu dattawa mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansa. Saurayi ya gama makaranta, ya yi shekara biyu yana yawo da takardu bai sami aiki ba, a gida ba mai shawara da shi, a taro ba shi da ta cewa. Amma da ya shiga wasa, ga mutum 20 suna jiransa, suna kiran sunansa, in ya yi aikin awa guda ya ga ladansa nan take a rubuce. Wane ne ba ya son inda a ke girmama shi?

Abotar kuma ba ta ƙarya ba ce duka. A ƙasar Norwe an yi wani saurayi mai ciwon shanyewar tsoka, wanda ya ƙare rayuwarsa bisa keken guragu, ya rasu cikin 2014 yana da shekara 25. Iyayensa suna zaton ya rayu ba aboki. Bayan rasuwarsa sai ga saƙonni daga ƙasashen Turai, daga mutanen da suka san shi da sunan Ibelin a cikin World of Warcraft, suna faɗin alherin da ya yi musu, har waɗansu suka yi takakkiya zuwa Oslo wurin jana'izarsa. An yi fim na labarinsa cikin 2024. Mun kawo wannan don kada a ce mun ɓoye alherin abin.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kamfanonin nan ba don Allah su ke ba, cinikinsu shi ne ka daɗe a ciki, don haka sun san yadda su ke ɗaure mutum.

Na fari, matakan farko suna da sauƙi ƙwarai, cikin dare guda yaro zai hau da yawa, ya ji daɗi. Daga nan kowane mataki sai ya fi na bayansa tsawo, har ya zama sai an yi kwanaki kafin a hau guda. A lokacin kuwa ya riga ya zuba watanni, yana jin asara ce ya bari.

Na biyu, ganima ba ta da tabbas. Takobin da ya ke nema wataƙila ya faɗo a hari na farko, wataƙila sai a na hamsin. Wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya gwada wannan da tantabaru tun wajen 1950. Ya ga tantabarar da ba ta san ko a wane saƙo ƙwaya za ta faɗo ba, ita ce ta ke yin ta saƙo ba hutawa. Asirin caca ke nan, shi ne kuma asirin "saura kaɗan."

Na uku, akwai ayyukan kullum da na mako, waɗanda in rana ta wuce ba ka yi ba ladansu ya wuce ka. A World of Warcraft a kan sabunta manyan dodanni sau ɗaya a mako, ran Talata a sashen Amurka, ran Laraba a sashen Turai. Watau wasan yana da ranar kasuwarsa.

Na huɗu, wanda ya fi duka ƙarfi, shi ne kunyar jama'a. A farkon World of Warcraft babban hari na mutum 40 ne. Ba a tsai da shi a tsakiya, gama ba na mutum ɗaya ba ne. In mai magani ya tashi, sai ayari duka ya halaka, aikin awa biyu ya tafi a banza, gobe kuma madugu ya nemi wani a madadinsa. Wannan ne ya sa yaro mai ladabi ya kan ji kiran mahaifinsa ya kasa tashi. In kuwa abokan ƙungiyarsa a Niyok su ke, ƙarfe 8 na darensu shi ne ƙarfe 12 ko ƙarfe 1 na dare a Kumasi. Wanda ya fara hari a wannan lokaci, ina shi ina sallar asuba cikin jam'i? Abin har ya kan wuce haka. Cikin Janairu 2014, a wani wasa mai suna EVE Online, an gwabza yaƙi guda na wajen awa 21, aka ƙiyasta jiragen ƙagen da suka ƙone da kimanin dala 300,000.

Bari mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce saurayi yana fita hari dare 3 a mako, kowane dare awa 4, ya zama awa 12. A ƙara masa awa guda kullum ta ƙananan ayyuka, ya zama awa 19 a mako. A shekara awa 988 ke nan. In aka raba da yinin aiki na awa 8, an sami kwana 123, watau wata 4 cur na zaman shago. Wata 4 kuwa ya isa a yi nisa a koyon ɗinki, ko gyaran waya, ko hadda.

Ban da lokaci akwai kuɗi. Wasannin da yawa shigarsu kyauta ce, amma a ciki a ke sayad da riguna da dawaki da wani abu mai kama da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da za ka samu ba. Cikin 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan akwati caca ne. Mu ma dai mun san hukuncin caca a addini, ba sai an faɗa ba.

Gwamnatoci ma sun taɓa. Cikin 2011 Koriya ta Kudu ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba yin wasan intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe, amma cikin 2021 ta soke dokar, ta mai da al'amarin hannun iyaye. Cikin Agusta 2021 ƙasar Sin ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa guda tak, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ran Jumma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cikin 2019 ta sa jarabar wasa cikin jerin cututtuka. Alamunta 3 ne: mutum ya kasa tsai da kansa, wasa ya sha gaban sauran al'amuransa, ya ga ɓarna a fili amma ya ci gaba, a kuma yi kamar wata 12 ana haka. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga masu wasa su ke kai wannan matsayi. Kada dai kowa ya ga ɗansa da waya ya ce ya haukace.

To, ina dabara? Fasa waya ba ya magani, gobe zai ari ta abokinsa, ya kuma koyi ɓoye maka. Ga abin da mu ke ba da shawara. Ka zauna da shi cikin sanyin rai, ka ce ya nuna maka gwarzonsa, ya gaya maka ranakun harin ƙungiyarsa. Yawancin wasannin nan suna riƙe da lissafin lokaci. A World of Warcraft in aka rubuta /played sai ya fito da jimlar kwanakin da aka ci da wannan gwarzo. Ku duba tare, gama adadin ya kan razana mai wasan fiye da faɗan uba.

Sa'an nan a yi sharaɗi tun kafin ya shiga, ba a fafe gora ranar tafiya. A yanka masa dare ɗaya ko biyu a mako, bayan lisha, da lokacin tashi, ya kuma nemi ƙungiyar da agogonta ya yi daidai da namu. Manyan kamfanoni suna da wurin da iyaye za su ƙayyade sa'o'in ƙaramin yaro, a nemi wanda ya iya ya saita. Lambar sirri ta kuɗin waya kuwa, ta shago ko ta gida, kada ta bar bakin mai ita. Wanda abin ya kai shi ga barin makaranta, ko ƙin cin abinci, ko taɓa kuɗin ciniki, a kai shi ga likita, kada kunya ta hana.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin zongo da na wannan ƙungiya tamu. Yaron da ya iya tara mutum 20 daga ƙasashe 5, ya sa musu lokaci, ya raba musu ganima ba rigima, lalle ya iya riƙe littafin adashi, ya iya shirya taron Maulidi ko aikin gayya na yashe kwata. A ba su aiki mai suna, a kira su a shawara, in sun yi a yaba musu a gaban jama'a. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka cikin lokacinmu da nasu, amin.