Kwana a gandun dajin Dindar

Yara, kun san akwai Hausawa da yawa a ƙasar Sudan? Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa. Sun zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Garin da suka kafa shi ake kira Mai Wurno.

Kudu maso gabas da wannan gari, a kan iyakar Habasha, akwai babban gandun daji mai suna Dindar. An keɓe shi tun 1935 domin kare namun daji. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 10.000. A cikinsa akwai zaki da ɓauna da gwambaza da gadu da gwaggon biri da jimina.

Ba a zuwa Dindar da damina. Ƙasar wurin baƙar laka ce. In ruwa ya sauka, ko babbar mota sai ta kafe. Lokacin ziyara shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu. A lokacin nan kogin Dindar ya daina gudu, sai yashi da ƴan kududdufai. Sauran ruwan yana cikin fadamu, waɗanda mutanen wurin ke kira "maya". Nan dabbobi ke taruwa safe da yamma.

Masu ziyara kan sauka a sansanin Galagu. Ga abin da mai kwana a daji ya kamata ya kiyaye:

1. Ya tafi da tanti da gidan sauro da fitila da isasshen ruwan sha.
2. Kada ya yi yawo sai tare da mai gadin daji.
3. Kada ya kafa tanti a bakin fadama. In dabbobi sun ji warin mutum, sai su ƙi zuwa shan ruwa, ƙishirwa ta galabaita su.
4. Ya ɓoye abincinsa, domin birai ɓarayi ne.
5. Ya kashe wutarsa sarai da ƙasa kafin ya kwanta. Da rani ciyawa ta bushe, garwashi ɗaya ya isa ya cinye daji.

Wannan daji yana bukatar kariya. A da akwai raƙumin dawa a cikinsa, amma farauta da sarar itace sun sa ya ɓace. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuma ya kai har garin Dindar a 2024.

Ku tuna, daji gidan dabbobi ne. Wanda ya kwana a ciki baƙo ne, baƙo kuwa ba ya ɓata gidan da ya sauka.

Tambayoyi

1. Wa ya kafa garin Mai Wurno?
2. Don me ba a zuwa Dindar da damina?
3. Me ya sa ba a kafa tanti a bakin fadama?