Yadda Kwamfuta Ke Sarrafa Na'urar Tantance Ma'aunin Zafi

Ma'aunin zafi, komai tsadarsa, yakan fara kuskure a hankali idan ya daɗe yana aiki. Shi ya sa masana'antun magunguna da ɗakunan gwaje-gwaje da wuraren ajiye allurar rigakafi, wadda galibi ake so ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, suke kai ma'aunansu a tantance lokaci-lokaci. Ɗaya daga cikin na'urorin da ake wannan aiki da su dunƙulen ƙarfe ne mai ramuka, ana zafafa shi ko a sanyaya shi zuwa matakin da aka zaɓa. Sai a zura ma'aunin da ake gwadawa a rami ɗaya, amintaccen ma'auni a wani ramin, a kwatanta abin da suka nuna.

Wahalar aikin duk tana wajen jira. A kowane mataki sai zafin ya tsaya cak kafin a rubuta sakamako, kuma ma'aikacin da ya gaji yakan yi gaggawa ko ya rubuta lamba ba daidai ba. Nan ne amfanin haɗa na'urar da kwamfuta ya fito.

Hanyar haɗin da aka fi sani ita ce RS-232, wadda ƙungiyar EIA ta Amurka ta fitar a 1960. Saƙo yana bin waya ɗaya-bayan-ɗaya, kamar mutane a layin rijiya. Fulogin yakan zo da haƙora 9, amma sau da yawa uku sun wadatar: na aikawa, na karɓa, da na ƙasa. Dole ɓangarorin biyu su yi daidai a kan saurin magana, misali 9600, in ba haka ba sai haruffa marasa ma'ana su cika allo. Wasu na'urorin kuma sai da kebul ɗin da aka sauya wa haƙori na 2 da na 3. Tsawonsa bai kamata ya wuce kimanin mita 15 ba. Mai son nisa sai ya koma RS-485, wadda ke kaiwa mita 1,200. Yawancin kwamfutocin yanzu ba su da kafar RS-232, ana sa musu mahaɗi ta USB.

Umarnin kansa gajeren rubutu ne. Manhaja ta ce a hau digiri 100, ta riƙa tambayar zafin a kai a kai, in ta ga ya daina motsi na tsawon mintunan da aka ƙayyade ta adana sakamako ta wuce gaba. Da haka aikin yini guda yakan gudana cikin dare ba mai gadi, muddin an saita makashin da zai yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Wannan bai kamata a yi wasa da shi ba, domin wasu na'urorin suna haura digiri 600.

Sai dai kwamfuta ba ta gyara ma'aunin da ya karkace. Dole shi ma amintaccen ma'aunin a riƙa kai shi babban ɗakin awo, a gwada shi bisa ma'aunin zafi na duniya, ITS-90, wanda ake aiki da shi tun 1990.