Sha-ka-fashe: ƙibar da ke kwance wa jiki damara

A kemis-kemis da hannun masu tallar magani ana sayen Dexamethasone da Prednisolone ba tare da takardar likita ba. 'Yan mata na sha don su yi ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe, dattawa na sha saboda ciwon gwiwa, wasu mayukan bilicin ma na ɗauke da danginsu. Duk sunansu ɗaya a asibiti: sitiroyid.

Jikin ɗan Adam na samar da nasa, mai suna kotisol, daga wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini ne ke rugawa wurin, suna sakin sinadaran da ke kiran 'yan'uwansu. Kumburi da zafi da raɗaɗin da muke ji alamar wannan yaƙin ne. Sitiroyid kan hana ƙwayoyin sakin sinadaran, ya kuma tare musu hanyar isa wurin, sai kumburin ya sace.

A hannun likita wannan alheri ne. Tun 1948 wani likita mai suna Philip Hench ya gwada shi a Amurka kan masu ciwon gaɓoɓi, suka samu sauƙi. A 2020 wani bincike a Birtaniya ya nuna Dexamethasone ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Masu asma ma na amfana da shi.

Amma wanda ya daɗe yana sha, ya sallami masu gadin gidansa ne. Tarin fukan da ke kwance a huhu na iya farkawa, miki ya ƙi warkewa, makero ya bazu a fata. Zazzaɓin da zai nuna akwai cuta ma kan ɓuya, sai abin ya yi nisa a gane. Ƙibar kuwa ruwa ne da kitsen da ke taruwa a fuska da ciki da ƙeya, hannu da ƙafa na ramewa. Sai ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi da yanar ido su biyo baya.

Akwai wani haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba. Idan an wuce mako uku ana sha kullum, jiki kan rage yin nasa kotisol ɗin. Daina sha farat ɗaya na iya jawo kasala da amai da faɗuwar jini, har ya kai ga rasa rai. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.

Saboda haka, wanda ya riga ya fara kada ya yanke da kansa. Ya ɗauki kwalin maganin ko man shafawar ya kai asibiti, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana amfani da shi. Iyaye kuma a riƙa duba abin da 'ya'ya ke sha da shafawa, musamman idan biki ya matso.