Radiyon otel da ba ya magana sai an jefa masa kuɗi

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, otel-otel da yawa a Amurka sun sa radiyo a ɗakunan baƙi, amma ba kyauta ba. Sai baƙo ya jefa kwabo na santi 25, radiyon ya kama na awa ɗaya ko biyu, sannan ya yi shiru. Kamfanoni irin su Tradio da Coradio ne suka ƙera su. Akasari akwatin ƙarfe ne mai makulli, ana ɗaure shi jikin tebur saboda ɓarayi. Da talabijin ya shiga otel a shekarun 1950, sai kasuwarsu ta mutu. Yau masu son kayan tarihi ne ke nemansu suna gyarawa.

Mai gyara na fuskantar na'ura biyu cikin akwati guda: radiyon kansa, da agogon da ke ƙirga lokacin da aka biya.

Babban kuskure shi ne a jona shi da kuran don a gani ko yana aiki. Radiyon na amfani da ƙwayayen gilashi masu ɗaukar zafi, kuma kondansa na ciki, wasu na takarda da kakin zuma, sun lalace saboda tsufa. In wuta ta shiga, suna iya fashewa ko su ƙona wasu sassan. Don haka ana fara canja su, tare da wayar da robarta ta bushe. Wasu radiyon zamanin ba su da taransifoma, abin da ke sa ƙarfen ciki ya ɗauki wuta, ya kama mai taɓawa.

Shi kuwa agogon, tsohon mai ne ke daskarewa a haƙoransa. Ana wanke shi, a ɗiga sabon mai kaɗan, a kankare tsatsar hanyar da kwabo ke bi.

Sai batun kuran. An yi su don bolt 110 zuwa 120, alhali na Nijar da na Faransa ya ninka haka. Ko an rage ƙarfin wutar, agogon da aka tsara kan bugu 60 a daƙiƙa zai yi jinkiri kan bugu 50: awa ɗaya ta koma minti 72.

Kuma radiyon matsakaicin zango kawai yake kamawa, ba ya jin FM. Shi ya sa wasu ke haɗa masa ƙaramar na'urar watsa sauti a cikin ɗaki, don tsohon akwatin ya sake samun abin faɗa.