Dafin da Ba Ya Sauya Launin Ruwa

Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa ana gane lalacewar ruwa da sauyawar ɗaya daga siffofinsa uku, launi ko ɗanɗano ko ƙanshi, kuma hukuncin nan ya wadatar ga mai neman tsarki. Amma wanda zai sha daga rijiyar da aka haƙa a kufan sansanin soja yana bukatar ƙarin hattara, domin akwai dafin da kan shiga ruwa ya bar shi garau. A sansanin Lejeune na ƙasar Amurka, daga 1953 har zuwa 1987, sojoji da iyalansu sun yi ta shan ruwan da man fetur da sinadaran wanke ƙarfe suka tsiyaya cikinsa, aka yi ta fama da ciwon daji, kuma sai a 2022 aka yi dokar da ta ba su damar neman diyya.

Mutanen Kusa da Magama da sauran ƙasar Jibiya su ne suka fi cancanta su yi tuntuntuni a kan wannan al'amari, saboda rashin tsaro ya sa jami'ai kan yada zango a wuri na ɗan lokaci su tashi, alhali ƙasar yankin jigawa ce mai saurin shanye duk abin da aka zubar, ko baƙin mai ne, ko ruwan tsohon batir. Abin da rairayi ya shanye da rani, damina kan kora shi zuwa rijiyoyi da gulbin Gada, wanda ke cika madatsar Jibiya sannan ya haye iyaka ya nufi Maraɗi. Darma kuwa, wadda ke cikin batir da harsashi, mun ga ta'asarta a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu.

To, kada a haƙa rijiya a gangaren irin wannan kufai, kada a bar yara su yi tsince-tsince a jujinsa, kada kuma araha ta ruɗi magidanci ya sayi gangar da ba a san abin da ta ɗauka ba ya mai da ita randa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, alif yana kwantar da laka, amma darma tana nan daram bayan an sauke tukunya. Rijiyar da ake shakka a kanta, a rufe bakinta, a sanar da mai unguwa da duba-gari, su nemi hukumar ruwa ta Katsina ta auna ruwan.